Iskar da Costache ke gudu

Iași, 14 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Horia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anca da yara a Torino. Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin aiki. Mama tana nan ƙalau, ƙafar ta yi sauƙi har ta koma lambunta.

Yaya, saura ƙiris a kore ni. Sati uku ƙunshin bayanai suna ɓacewa tsakanin manyan kwamfutocinmu da akwatin da ke rarraba su, kullum da rana tsaka. Costache, shugaban sashenmu, ya tsaya gaban ma'aikata ya ce ni na ɓata wayoyin, wai gara in koma gida in naɗa nama a ganyen kabeji, girki kawai na iya. Darakta ta ba ni zuwa Juma'a. Na canza waya, na canza ramin da ake soka ta, a banza. Na yi kuka a banɗaki, ba zan ɓoye maka ba.

Ran Laraba na dafa akwatin, sai da na janye hannu don zafi. Ka san mutanenmu da tsoron iska mai ratsa ɗaki, irin yadda Kaka ke ƙulle tagogi a tsananin zafin watan Agusta. Teburin Costache yana jikin ƙofar ɗakin injinan. Ashe in ya ci abincin rana sai ya lallaɓa ya kashe na'urar sanyi, wai iskar da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa tana riƙe masa wuya. Daga nan sai akwatin ya ɗau zafi, ya riƙa zubar da bayanai.

Ran Juma'a na jira ya kashe, na kawo Darakta, na sa ta dafa akwatin da hannunta. Bawan Allah ya shiga in-ina, yana cewa likita ne ya hana shi iska.

Yanzu sashen yana hannuna. Jiya ya biyo ni yana kirana 'yarsa, wai a manta da baya. Ban manta ba. Na mayar da teburinsa tsakanin taga da ƙofa, kuma duk biyun a buɗe suke kwana suna yini. Yau da hular ulu ya zo aiki, a wannan zafin, auduga cushe a kunnuwa. Mama ta ce in ji tausayinsa. Na ce sai lokacin kaka ya shigo, an fara sanyi.

Ka gaida Anca, da Petru, da ƙaramar Smaranda. Kawu Vasile yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Ilinca