Ruwa Ya Taɓa Sandar Kubanni

Tudun Wada, daren Alhamis, farkon Rajab

Alhamdu lillahi. Kwana ashirin ke nan ina zuwa bakin kogin Kubanni duba sandar awon ruwa da Bature ya kafa, kullum ina rubuta masa "babu". Har 'yan unguwa sun laƙa mini suna mai gadin sanda.

Yau da safe na tarar da jan ruwa yana gangarowa da karmami, ya rufe zanen farko na sandar. Mu ko ɗigo ba mu samu ba, ashe an yi ruwa can yamma.

Ban nufi ofis ba, gida na ruga. Jiya Inna ta rantse za ta daka irin dawarmu, ta gaji da kukan yunwar jikokinta. Na iske har ta zuba a turmi.

Na ce, "Inna, dakata, damina na tafe."

Ta ce, "Kai da takardarka! Da idonka ka gani?"

Na nuna mata ƙafar wandona, sharkaf da jar laka. Ta taɓa, ta sansana, ta jingine taɓarya.

Bature ya yi faɗa don na makara, ko a jikina. Yau ma da rama za mu kwana, amma iri ya koma gora.