Bahagon Noti

Kaura Namoda,
ranar Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta koya mana cewa ana fara wasiƙa da gaisuwa mai yawa da fatan mutum yana lafiya. Na rubuta gaisuwar a zuciyata, da na zo kan fatan lafiya sai na tsaya. Wace lafiya zan tambayi wanda ya daɗe a ƙasa? Sai dai in ce Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da sai ka miƙa wa wani, don kai ajami ka iya, ni kuma boko aka koya mini da tsufana. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ba wanda zai gane ta sai kai.

Kada ka yi wa rubutuna dariya. Baƙaƙen suna hawa suna gangarawa kamar hanyar Zurmi da damina. Malama ta gaji da hana ni rubuta hwari maimakon fari. Ranar da ta ce kowace ta rubuta sunan mijinta a allo, na ajiye alli na ce hannuna ya ƙage. Bakin da bai taɓa kiran sunanka ba, hannu ne zai fara? Haka ɗanka na fari, shi ma ba zan rubuta nasa ba. In na ce ɗanka, ka san wanda nake nufi.

Ga labarin gida. Bayan tafiyarka an raba mu da Sakkwato, an ba mu jiharmu, yanzu Gusau ake zuwa neman kowace takarda. Ka tuna gardamar da kuke yi a zaure, kana cewa ba za ka ga ranar ba? Ba ka gan ta ba kuwa. Daga baya aka kawo Shari'a. An ce mace kada ta ƙara hawa bayan babur ɗin namijin da ba muharraminta ba, an ware wa mata motocinsu, da zanen mace mai hijabi a jikin ƙofa. Ni ban isa in sa baki a hukuncin malamai ba. Abin da na sani shi ne ɗanka kabu-kabu yake yi tun da ka tafi, kuma yawancin masu hawansa mata ne, masu zuwa awo asibiti da masu kai ƙuli kasuwa. Yanzu sai ya wuni a inuwar itacen bedi bakin tasha, ya dawo da man da ya fita da shi. Ga matarsa Hassi cikinta ya tsufa.

Shi ne ya sa ido a kan motarka.

Tana nan inda ka bar ta, a kangon bayan ɗakina, bisa duwatsu. Kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Motar da ta girmi aurenmu, wadda kake alfahari cewa Bature ne ya fara hawanta. Ya ce zai tashe ta, ya riƙa ɗaukar mata zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, sauran ranaku Zurmi da ƙauyuka. Ka san ba na doguwar magana da shi, ta bakin Hassi na aika masa da a'a. Ya ci gaba da shirinsa. Na sake aikawa. Washegari na ga ya kori kajin yana share kujera. Na aika cewa tsohuwar mota akwatin gawa ce, da yamma ya shigo da batir a kafaɗa.

Maigida, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kakan tsokane ni cewa ni ce macen da ba ta son tuwo da zafi, sai ya huce ya yi tauri nake ci. Ba haka ba ne. Duk ranar da ka fita da motar nan, abinci ba ya wuce mini wuya sai na ji hon ɗinka daga kwanar masallaci. In ka yi jinkiri, kafin ka iso na riga na yi maka wanka da sutura a raina, na zauna takaba, na fita. Sai ka shigo kana dariya da rake a hannu. Duk tsawon zamanmu haka na yi. Ƙarshe hanya ba ta ci ka ba, zazzaɓi ne ya ɗauke ka a kan gadonka, ina riƙe da kofin ruwa. Na san wannan ya isa ya koya mini cewa ajali ba ya tambayar hanya. Kai ya sani, ciki ne bai sani ba. Allah ya gafarta mini, da aka ɗora motar bisa duwatsu, a cikin baƙin cikin rashinka na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Na ce ai na gama jiran hon. Yanzu da furfurata zan sake farawa?

Ya ɗauko wani bakanike Sabi'u, sa'ansa, mai surutu kamar rediyo. Ina ta addu'a injin ya ƙi tashi. Ya tashi. Ya yi tari, ya yi baƙin hayaƙi da ya kori awakin maƙwabta, sannan ya daidaita da muryar nan da na sani. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado.

Sai suka zo kan ƙafafun baya. Man birki yana tsiyaya ta cikin tayar hagu, ya jiƙa ƙasa. Ka san motarka, wannan tukunyar ƙarfen da birki yake ciki, wadda kuke kira diram, ba ta fita sai an kwance babban notin da ke bakin aksul. Na dama ya kwance musu ba gardama. Suka sa sabon lainin birki, suka wanke boris suka cika shi da giris. Suka zagayo na hagu, ya ce bai san zancen ba.

Ni na san dalili. Ina tsaye riƙe da kwanon notoci ranar da ka nuna mini shi, ina goye da 'yarmu Nana. Ka ce duk notin duniya hagu ake juya shi ya kwance, ban da wannan. Wannan bahago ne irin ɗanki, ta inda ake ɗaure 'yan'uwansa ta nan ake kwance shi. Lokacin ina fama da yaron, ina buge masa hannu kullum don ya ci abinci da dama. Ka yi dariya har ka dafa taya, ni kuma na ji haushi na ajiye maka kwanon na tafi.

Ina ji suna fama, na yi shiru. Suka zura dogon bututu a sufana, Sabi'u ya hau kai yana tsalle. Kowane tsalle ƙara ɗaure shi yake yi, ina jin haka a haƙorana ina tankaɗen gari. Suka zuba kananzir suka bar shi ya kwana. Suka gasa shi da wuta. Sabi'u ya ce tsatsa ce, da ya gaji ya ce aljanun kango ne suka zauna a kai, a nemo turare. Ɗanka ya fasa ɗan yatsa, Hassi ta ɗaure masa da tsumma. Na ga jinin, na kau da kai. Na ce a raina gara yatsa da wuya. In notin ya ƙi, motar ta koma wa kaji, shi ke nan.

Haka muka yi kwanaki. Ban san shiru yana gajiyar da mutum kamar daka ba sai a lokacin.

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a bayan ɗaki, sai na ji Sabi'u yana cewa a ƙyale wannan ƙafar. Wai a cire bututun mai da ke zuwa gare ta, a buga masa ƙusa a toshe, mai ya daina zuba, sauran ƙafafu uku su riƙe motar. Wai rabin motocin tasha haka suke yawo, jaki ma da ƙafa uku yana kai kaya gida. Na jira in ji ɗanka ya ce a'a. Sai na ji ya ce bari ya duba ko akwai ƙusa a zaure.

Ka tuna ranar da ka dawo daga gangaren gulbi rigarka duk jini, jinin da ba naka ba? Motar wasu 'yan biki ce, direba ya taka birki ta juya gefe guda ta faɗa rami. Kun kwashe mutane, ka leƙa ƙarƙashinta ka ga bututun da ƙusa a ciki. Ba ka ci abinci ba ranar. Kana ta maimaita cewa ƙusa ɗaya, ƙusa ɗaya. Ka ce duk wanda ya kashe ƙafar mota da ƙusa ya ɗauki mutane, ya shirya amsar da zai ba Allah.

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu yana ɗiga a ƙafata. Ashe shirun da na yi ba zai hana shi fita ba. Zai fita ko da me, amma da ƙafa uku, da matan mutane a baya. Ni da nake gudun ya hau hanya, ni ce zan tura shi da ƙusa. Me za ka yi in kai ne? Na san me za ka yi, ai kai ba ka taɓa jin tsoron hanya ba. Ni aka bar wa tsoron, kuma ni aka bar wa sanin notin.

Na zagaya. Ɗanka yana tsugune da guduma, ƙusar tana bakinsa. Ban iya duban idonsa ba, sai na ɗaga murya na kira Hassi, ko da yake ga shi nan gabana. Na ce ta gaya wa mijinta ya tofar da abin da ke bakinsa. Ta gaya masa notin hagu bahago ne, dama ake juya shi. Hassi ta tsaya baki buɗe, ba ta san ko ta maimaita ba. Sabi'u ya ce, Inna, da girmanki, noti ai noti ne. Na ce wa Hassi ta gaya wa baƙon nan ya gwada, in ƙarya ne ya ci tuwona na dare.

Da ƙyar notin ya motsa, don sun riga sun ɗaure shi ɗaurin kawo wuƙa. Su biyu suka rataya a bututun. Ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ya tafi sumul. Sabi'u ya zauna a ƙasa yana salati yana dariya, wai kwana da kwanaki ashe ɗaure shi yake yi ana ba shi abinci. Ɗanka bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, Inna, tun ranar farko kin sani? Na matse zanen da ke hannuna. Ya ce, har na fasa yatsa? Na ce Hassi ta gaya masa yatsa yana warkewa.

Da tukunyar ta fita na ga abin da zai ɗauki mata a kai. Lainin ya jiƙe da mai ya yi baƙi, robar ciki ta narke kamar danƙo, sifirin ɗaya ya karye yana kwance a ƙasan tukunyar, zanzaro har ya yi ɗaki a gefe. Sabi'u ya je har Gusau kafin ya samo irin robar wurin wani tsoho mai kayan gwangwan. Haƙoran notin sun ɗan ci, amma sun kama. Na tsaya a kansu har suka mayar da ƙaramin fil na ƙarfe da ke hana shi juyawa, suka lanƙwasa bakinsa yadda kake yi.

Yau da safe suka zo fitar da iska daga birki, suna neman wanda zai zauna ya taka. Ban san lokacin da na buɗe ƙofa na shiga ba. Kujerar tana nan da ramin zamanka. Ɗanka yana ƙarƙashi yana kira, taka, taka, riƙe, saki, da muryar da in na rufe ido sai in ce kai ne. Da farko abin takawar ya tafi ƙasa lakwas kamar an taka ɓawon kabewa. A hankali ya fara turo ƙafata. Ƙarshe ya tsaya cak a tsakiya, ya ƙi gaba. Ƙafata ta tuna wurin. A nan yake tsayawa a zamaninka.

Da ya fito yana goge hannu, da hagu ya karɓi ruwan da na miƙa masa. Ban buge hannun ba. Na gaji, Maigida. Tun yana ƙarami nake juya yaron nan ta inda ake juya kowa, yana ƙara ɗaurewa, kai kuma ka faɗa mini tun ina goye da Nana.

An sauke ta daga duwatsu. Mai fenti ya zana mace mai hijabi a ƙofar, ta fito da fuska kamar ta mage. Gobe Alhamis zai fita. Na aika Hassi ta gaya masa ya bar mini kujerar baya, gefen hagu, daidai saman tayar. Motar mata ce, ni ma mace ce. Zan sauka Badarawa in ga Nana da yaranta, in ya juyo daga Shinkafi ya ɗauke ni. Ya aiko cewa me zan yi a hanya da ciwon gwiwa. Ban ba shi amsa ba, kai zan ba. Tsoron ba zai bar ni ba, na haƙura da wannan. Amma na yi jira a tsakar gida har ya ishe ni. Gara in ji tsoron a cikin motar, kunnena a kan bahagon notin, in ya yi ƙara ni zan fara ji.

Da asuba zan dafa ɗan wake in tafi da shi a kwano. Zan gwada ci da zafinsa.

Hannuna ya gaji, ga kiran magariba ya kusa. Allah ya jiƙanka, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani. Sai mun zo.

Ni ce,
mai riƙe maka kwanon notoci,
uwar bahagon ɗanka.