Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga Zalika,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da ciwon gwiwar nan da ya fi ni zama kusa da ke. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya gaji.

Tun da Yaya Maidaji bai samu biza ba, ni uban yaro ni ne mai neman aure, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na ga yarinyar a shagon yaron da ke kasuwar Tianxiu, nan ƙasar Sin. Sunanta Wai Lan, amma tun da ta musulunta Saudat take amsawa. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausa mai ɗingishi, wadda duk da haka ta fi Turancina.

Hukuma ba ta hana ba. An ce lokacin da ubanta, Malam Liyang, ya yi aure, ko ɗan ƙasa sai wurin aikinsa ya ba shi takarda, balle baƙo baƙar fata. Yanzu fasfo ne da shaidar ba ka da mata. Amma ita kaɗai uban ya haifa, ta ce ba za ta taka ofishin aure ba sai ya yarda.

Jiya ya gayyace mu gidan abincin Musulmin Sin, ni kuwa na nuna masa tarbiyyar Kano. Na sunkuyar da kai, ban ci ko loma a gaban suruki ba. Ya tambayi halin ɗana, na ce sai a hankali, yaran zamani ne. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, yabonsa zan yi cikin mutane? Tsohon ya ajiye tsinkayen cin abincinsa ya fita. Ashe a wurinsu wanda ya ƙi abincinka ya ƙi 'yarka, uban da ya kasa yabon ɗansa kuma akwai abin da yake ɓoyewa. Yaron nan kuwa tun jiya bai buɗe shago ba. Ki taya mu addu'a.

Mijinki,
Barmo

Zuwa ga Zalika,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin, ya su Fasuma?

Na roƙi Saudat ta lallaɓo mini ubanta wurin nan dai. Ya zo yana cin magani. Ta fassara mini tsoronsa: kada a kai masa 'ya gidan da ba mai zama ya ci da ita. Na bayyana masa kunya irin tamu, ya saurara, bai gamsu ba. Sai na ja kwano. Zalika, na ci. Na yi kokawa da tsinkayen nan har taliya ta sauka a babbar rigata, na nemi cokali na ƙarasa, na nemi ƙari.

Sannan na dubi bango na ce Ghali. Kin ga na rubuta ma, hannuna bai karye ba. Na ce Ghali ne ya rufe shagonsa ya taso daga nan lokacin da aka yi mini aiki, ya kwana a tabarmar asibiti har na miƙe, kuma ban san yaro kamarsa ba. Da na juyo, ƙaton nan yana share ido da hularsa.

Malam Liyang ya tsinko nama da hannunsa ya sa mini a kwano, ya cika mini kofin shayi. Saudat ta ce shi ke nan, an ba mu. Ranar Litinin za su ofis, ɗaurin aure kuma bayan Juma'a.

Saura ke. Uwar amarya ta ce tana so ta ga fuskarki a waya, ta ji daga bakinki wane irin ɗa kika haifa. Kada ki ce mata "yaron nan". Ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa ki fara gwada sunan ke kaɗai, na farkon ne mai wuya.

A gaida kowa da kowa.

Naki har kullum,
Barmo