Uwar da ke cikin labarin Habu

Birni, daren Laraba, 1958

Habu ya ba ni labarin da yake rubutawa in duba masa. Abokansa na lakwal, makarantar boko, sun ce muguwar uwar da ke ciki ba ta yi kama da mutum ba, ya nemi mace ta gaske ya ɗauki maganarta. Ya bi shawararsu.

Matar tana ce wa ɗanta, "Share hawayen nan, ba su mayar da tulu." Bakina ne, ranar da ya fasa tuluna yana ƙarami.

"Wace ce wannan, Habu?"

"Ƙagowa na yi, Inna."

Na yi masa faɗa kan ƙarya, ya fita. Ban yi nadama ba, tarbiyya ce.

Amma a ƙarshen labarin yaron ya bar gida. Wannan kuma wa ya ba shi shawara?