Ya ce in sha madara ɗanya a gabansa ko a fasa aure

Assalamu alaikum ƴan'uwa na wannan gida. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san ɗiyar kowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni budurwa ce a Madarumfa, ɗinki nake yi a zauren gidanmu. Tun ina koleji nake karanta littattafan soyayya da ake kawowa daga Katsina, har na zana wa kaina irin mijin da nake so, mai sanyin murya, wanda in kaina ya sara shi ma nasa zai sara. Da na haɗu da wanda zan kira Lawali, ba sunansa ba ne, sai na ce shi ke nan, Allah ya kawo. Yana da ƴan shanu a garkensu ta hanyar Gabi. Tun da aka kai gaisuwarsa gidanmu, kullum da safe shi da kansa yake zuwa a kan moto, wato babur, da madara cikin kwano mai murfi, da ɗuminta, kumfa na bisa. Ya ce ta saniyar da ya fi so ce, ba mai shan nononta sai ni. Ina sha yana kallona, ni kuwa sakarya ina lumshe ido, ina jin duniya ba wadda aka so kamar ni.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, kada a dafa. Wai a gidansu tun kakanni ba a ɗora madara a wuta, in aka dafa, hantsar saniya ce take ƙonewa, nonon ya ƙafe. Na yi dariya na ce to.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ni, ga murɗar ciki, ga zawo har da jini. Aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, na sha maganinsa, ba sauƙi. Sai ga babban lokotoro ya iso da jakarsa. Ina nufin Lawali. Jakar nan ita ce wadda yake yi wa shanu magani da ita, cike da kafso ja da rawaya da kwalaben allura da yake saye a kan tebur a Ɗan Issa. Saniya ta yi tari, allura. Maraƙi ya yi shiru, a fasa kafso a ruwansa. Ba awo, ba adadin kwana, kuma ranar nan zai tatsi saniyar. Mutumin da takardar jikin kwalba ma sai an karanta masa. Ya zube mini kafso a tafin hannu yana dariya, wai abin da ya tayar da bijimi ai ba zai gaza a kaina ba, ni da ban kai nauyin ɗan maraƙi ba. Kuma na sha! Wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Da jiki ya ƙi, yayana, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya ɗauke ni zuwa likita a Maradi. Suka ɗebi jini da bayan gida, suka ce sai an shuka ƙwayar cutar ta tsiro, a jira kwanaki. Ranar sakamako wata madam ta labo, ɗakin gwaje-gwaje, ta nuna mana ɗan faranti rufe. Ƙwayar ta mamaye shi kamar dattin kunu, an jera ƙananan takardu farare a kai, kowace da irin maganin da aka jiƙa ta da shi. Ta ce inda magani yake aiki za ki ga fili fes kewaye da takardar. Na duba. Yawancinsu ba fili ko kaɗan, ƙwayar ta taho har ta rungume su, cikinsu har da irin kafson Lawali. Biyu kaɗai suka kore ta. Lokotoron da yake duba ni a can ya tambaye ni ko ina shan madara ɗanya. Ya ce irin ƙwayar nan tana zama a hanjin dabbobi, tana bin madara ko nama ko ruwa ta shiga mutum, kuma ɗura wa dabba magani barkatai shi yake sa ƙwaya ta saba har ta daina ji. Ya ce ba zai rantse daga shanun ta fito ba sai an auna madarar da kashinsu. Ya rubuta takarda ya ce mu kai wa likitan dabbobi.

Duk kwanakin da na yi kwance ana yi mini allura, masoyin nawa bai taka Maradi ba. Wai saniya na kan haihuwa. Saƙon murya ya turo, rabinsa labarin maraƙin ne.

Da na dawo na yi masa bayani cikin lalama, har da rausayar da kai. Sai ya tashi tsaye kamar na zagi kakansa. Ya ce shanunsa sun fi masu farar rigar nan tsabta, wai wace irin cuta ce sai an leƙa madubi ake ganinta, wataƙila ma su suka zuba ta a farantin. Ya ce iskar bakin tabki ce ta buge ni, ko bakin samarin da na kora. Ya ce, "Malama ƴar boko, in likitan dabbobi ya taka garkena, ke ma kada ki taka gidana." Daga baya ƙanwarsa ta tsegunta mini maruƙa biyu sun mutu da zawo tun kafin in kwanta, ya binne su ya yi shiru, don kada a daina sayen nonon da mahaifiyarsa take kaiwa kasuwa.

Bai daina kawo madarar ba, ni kuma na koma karɓa in ce sai an jima, in ya tafi Inna ta tafasa. Makon jiya hantsar saniyar ta kumbura, nonon yana fita da gudaji. Maimakon ya nemi wanda ya san aikin, sai ya zarce gidanmu, ya shiga har madafa yana shinshina tukwane kamar wanda aka aiko bincike. Ya tarar da wadda madara ta kama a gindinta, ya ɗaga ta sama yana nuna wa Inna, wai ga hujja, na ƙone masa saniya. Namiji da gemunsa, riƙe da tukunya a gaban surukarsa! Na dube shi na rasa abin da na taɓa gani a jikinsa.

Yanzu gwaggonsa ta kawo saƙo. Jibi da safe za su zo tare da kwanon, in sha ɗanya a gabansu, a nan za su san ina ƙaunarsa kuma ban raina gidansu ba. In na ƙi, auren da aka sa bayan an yanke hatsi babu shi. Inna tana kuka, ta ce kurɓa ɗaya ce, in daure, an riga an gaya wa dangi har na Najeriya. Yayana ya ce in karɓi kwanon da hannu biyu, in wuce su, shi zai jira ni a ƙofa da moto mu kai wa likitan dabbobi. In muka yi haka gari zai ɗauka, nonon tsohuwar zai daina shiga kasuwa, kuma sunana ne za a riƙa kira. In na yi shiru, mata da yara suna can suna sayensa kowace ranar kasuwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na ji ƙarar moto da safe gabana yana faɗuwa, kuma ina jin haushin kaina a kan haka. Amma lokotoro ya gaya mini magani biyu kaɗai suka rage da ciwon nan yake ji. Ku gaya mini tsakani da Allah, jibi in an miƙo mini kwanon, in kai shi baki, ko in fita da shi?