Sunan Hajara da Yaren Injinka

Bukoki, Yamai
11 ga Satumba, 1972

Zuwa ga ɗana Abdulaye, a ƙasar Faransa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, ya buɗa maka karatun da ya kai ka. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma kasuwa tana faɗa da masu kifi, ka ga kuwa ta warke ke nan. Ƙanwarka Rabi ta sauka lafiya, an samu namiji. Ruwa ya yi mana rowa bana, amma muna sa rai.

To, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Hajara, ɗiyar yayanka, ta ci jarrabawar shiga kwaleji, mushensu, wato malaminsu, ya ga makinta da idonsa. Amma da jerin sunaye ya fito daga injin lissafin nan na biro, ofishin da ka bari, babu sunanta, ita da wasu yara arba'in da ɗaya. Na sa riga na tafi wurin Mumuni, wanda ya gaji kujerarka. Ya shigar da ni ɗakin nan mai sanyi, ya nuna mini akwatin kati masu huda, ya warware mini doguwar takarda, ya ce umarnin da ka rubuta wa injin ke nan kafin ka tafi, cikin wani yare wai shi Fortran. Kwana tara yana karantawa, idonsa ya yi ja, bai gane inda ka dosa ba.

Ka san shekara ashirin da takwas na yi ina tafinta, kuma ban taɓa jin yaren da na kasa kama bakin zarensa ba. Sai na sa tabarau. Abdulaye, me na gani? K, KK, K2, J, da lambobi birjik. Mumuni ya ce yaren ne bai yarda sunan abu ya wuce harafi shida ba. Na ce to, wannan rowar masu yaren ce, amma shidan ma ai ɗana bai cika ba. Ya nuna mini wani layi da ya ce a je lamba arba'in. Muka je arba'in, ta ce a je ɗari da saba'in. Muka je can, aka komo da mu goma sha biyar. Ko baƙon da ke neman gida cikin lungunan Bukoki ba a yi masa wannan yawo da hankali. Kakarka in tana mana tatsuniya ta ce kura, to kura ce har ƙarshen labari, ba ta taɓa sake mata suna a tsakiya don ta gaji da faɗi ba. Shi ya sa har yau nake riƙe da labaranta, kai kuwa naka wata biyar bai yi ba ya gagari abokin aikinka.

Abin da ya fi ba ni haushi, Mumuni ya ce yaren ya ba da damar a sa katin bayani, wanda injin ke tsallakewa, don ɗan Adam kawai. Cikin kati ɗari shida, uku ka sa. Ɗaya sunanka ne, ɗaya kwanan wata, na ukun kuma ka rubuta wai a gyara daga baya. A gyara me, kuma wa zai gyara?

Ni na gano ciwon, ba da yarenku ba. Na ce a kawo takardun yaran duka, na baje su bisa tebur. Kowanensu takardar haihuwarsa shekara kaɗai gare ta, an rubuta “vers”, wato wajen shekara kaza, babu rana babu wata, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka haifa a ƙauye. Injinka in ya nemi rana bai samu ba, sai ya tsallake yaro ya wuce. Mumuni ya yarda da haka, amma bai san wane “je ka” ne ke zubar da su ba. Ya gwada sauya kati guda ran Alhamis, sai injin ya watsar da yaran garin Tawa kaf. Direktan biron kuma ya ce ba zai sa hannu kan sunan da aka ƙara da alƙalami ba, ran 25 ga wata abin da injin ya fitar shi zai sa wa hannu.

Saboda haka ga kwafin takardar taka na haɗo. Ranar da ta iso ka, ka ajiye karatun, ka buga wa Mumuni waya ka gaya masa katin da zai cire da abin da zai sa. Sannan ka biyo da wasiƙa, ka fassara kowane K da kowane J da maganar mutane, yadda ko ni zan gane. In malamanka na can ne ke tsara waɗannan yaruka, ka gaya musu wani tsohon tafinta ya ce injin bai taɓa kukan bai gane ba, mutanen da ke tsaye kansa ne ke wahala.

Kuma ka buɗe akwatinka ka dubi taka takardar haihuwar. Ni na kai ka gaban kwamandan, Baturen mulki, aka ce ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunne don a ga ko ka isa shiga makaranta, ka taɓo, aka rubuta wajen 1945. Da injin nan ne ya tace ku a zamaninka, da yanzu kana nan kana taya ni yi wa awaki ciyawa.

Mahaifiyarka Tabawa na gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe ƙirji. Yayanka da Rabi da ƙanenka Ado suna gaisuwa, haka ma Mumuni, ko da yake tasa gaisuwar ba ta da tsawo. Hajara ma na gaishe ka. An ɗinka mata kayan lakwal, na zuwa makaranta, ta ninke su cikin akwati, kullum da safe sai ta buɗe ta duba. Ta tambaye ni wane ne ya koya wa injin manta mutane. Ban gaya mata ba. Zan yi shiru har ran 25.

Ni ne mahaifinka,
Ɗan'azumi