Buroshi Na Biyu a Kofin Mariska

Ya ke Mariska, rana ɗaya tilo da ke leƙowa a watan Nuwamba, farin zalɓe a bakin ruwan da ba a taɓa jefa wa mataccen keke ba, sanyin idona kuma ciwon kaina: ki gaya mini, tunda yanzu ke ce masaniyar doka, buroshin haƙori nawa ne ke zama laifi a ƙasar nan? Ɗaya a kofi, mace ce mai mutunci da ta cancanci taimako. Biyu a kofi, an kama ɓarauniya. Haka ne, ko na karanta ba daidai ba?

Ga nawa nan a gabana a kan teburin Mama, shuɗi, bakinsa ya baje, cikin ledar burodi, yadda kika miƙo mini shi ranar Talata a tashar bas. Ko ɓarɓashin burodin ba ki kaɗe ba. Na ji ana mayar wa samari zobe, na ji ana mayar musu da wasiƙu ɗaure da zare. Ni buroshi aka dawo mini da shi, da safa guda uku, kika ce in riƙe su zuwa wani lokaci, idonki na kan kwanar da bas zai ɓullo kamar shi ne saurayin.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa, ya mai dariyar da ke sa ruwan sama ya ji kunya ya ɗauke? A kan ganuwar da ke tare mana teku, wata Lahadi a Afrilu, iska na neman ɗauke tumaki. Tayar kekenki ta baya ta sace, kina tsaye kina zaginta da kalmomin da ban taɓa gani a rubuce ba, ni da na karanta duk abin da mutane suka zubar a akwatin littattafan kyauta na bakin layinmu. Na durƙusa na yi miki faci ina hura hanci kamar gwani. Facin ya kai mu turken fitila na uku, ya saki. Muka tura kekuna kilomita shida, iska a fuska, gashinki a bakina, muka raba soyayyen dankali ƙunshi ɗaya a rumfar bakin gada, kika lashe mayonis ɗin duka, wai wanda bai iya faci ba ba shi da rabo a ciki. Ranar na san tawa ta ƙare. Shekara biyu ke nan ban farfaɗo ba.

Na san yadda aka yi muka iso nan, ba sai kin sake zayyana mini ba. Shekara shida kina ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera a gidan da ake kula da su, har bayanki ya ce ya gaji. Gidan ya ba ki furanni da kati mai sa hannun kowa, ya ƙi sabunta miki aiki. Tun daga nan ofishin tallafi na gari ke ciyar da ke, kuma ofishin nan miji ne mai baƙin kishi. Zai biya haya, zai sayi burodi, amma kada ya ji ƙamshin wani namiji a gidan. Da zarar an ce tare muke zaune, albashina ya zama naki a takarda, sai ya janye hannu.

Asabar uku na yi a laburare ina karanta dokar, ni da aka sallama daga makaranta ina ɗan shekara goma sha shida, aka ce kaina na ɗaukar kwali ne. Kin san abin da na samo? Dokar ba ruwanta da soyayya. In sumbace ki a tsakiyar kasuwa har masu sayar da kifi su tafa, babu sashe a kai. Abin da take farauta kulawa ce. Idan na dafa miki miyar koren wake ranar da bayanki ya riƙe, shaida ce. Idan na shanya miki wanki, shaida ce. Namijin da zai zo ya ci ya sha ya goge baki ya bar ki da kwanuka, shi ne baƙo mai bin doka. Wanda zai naɗe hannun riga ya wanke kwanukan, shi ne abin bincike. Wane ne ya zauna ya rubuta wannan? Ina so in ga matarsa, in yi mata jaje.

To ni me na aikata? Na fitar da shara. Ranar Alhamis, ranar da motar kwashe shara ke zuwa, kina kwance ko juyawa ba kya iyawa, na ja kwandon shararki mai taya zuwa bakin titi, da silifas a ƙafata, ina fito kamar mai gida. Silifas ɗin ne ya kashe mu. Wani a layinku ya ga namiji da silifas da ƙarfe bakwai na safe, ya kasa haƙuri, ya zauna ya rubuta wa ofis takarda ba suna.

Bayan sati biyu masu binciken ofis suka zo, mace da namiji, ina can wurin aiki a gonar rumfar gilashi ina tsinkar tumatir. Kin ce masu ladabi ne, sun goge takalma a ƙofa, sun ƙi shan gahawa. Suka buɗe firji suka tambayi wa ke cin tsohon cukun nan mai wari. Suka leƙa kwandon wanki suka ɗago safa mai lamba arba'in da biyar, kika ce ta yayanki Wesley ce, Wesley da rabon ya tako gidanki tun jana'izar kakarku. Suka shiga banɗaki, ga kofi, ga buroshi biyu sun jingina da juna kamar fararen agwagin ruwan nan da ke haɗa wuya a ƙarƙashin gada. Sai matar ta juya ta ga kalandar ranakun haihuwa a bayan ƙofa, ta ga sha tara ga Fabrairu, Remco, da 'yar zuciya a gefe da jan biro. Ta tambaye ki wane ne Remco.

Kika ce, "Wani ne da ke yi mini facin keke."

Ke da bakinki kika ba ni labarin, kina dariya, kina jira in taya ki. Mai faci! Mariska, ga ƙarya nan iri-iri a baje kamar kayan gwanjo. Ki ce ɗan kawunki ne, ki ce tsohon da kika taɓa jinya ne ya mutu kika manta ba ki goge ba. Amma sai kika ɗauko ranar nan tamu, ta kan ganuwa, wadda ban taɓa ba ko Mama labarinta ba, kika miƙa wa baƙuwa ta cike fom da ita. Suna fita kuma kika shafe sunana da farin fentin gyaran rubutu. Na zauna a banɗakin nan ina kallon farin tabo, a ƙasansa ga ranar haihuwar karen mamanki. Kare yana kalanda. Ni babu.

Daga nan muka shiga rikicin labule. In kin ja shi, layi ya ce me take ɓoyewa, tunda a unguwar nan mai gaskiya tagarsa a buɗe take har a ga abin da yake tauna. In kin bar shi a buɗe, a gan ni. Sai kika samo dabara, in riƙa zama a ƙasa bayan doguwar kujera inda taga ba ta kaiwa. Sau huɗu na ci abinci a kan kafet, faranti a cinya, ina kallon idon sawunki, kuma na rantse ko idon sawun naki ya fi fuskar rabin garin nan kyau. Kekena kuma in kulle shi layi biyu daga gidan, gaban shagon aski, har mai askin ya fito ya tambaye ni ko matarsa nake nema.

Da farko Anti Riet na zarga, ta gidan da ke kallon naki, wadda take zaune a taga tun kafin a haife mu. Na je na tsaya mata a ƙofa da baƙar magana cike da baki. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in zagayo ta baya kamar mutumin kirki. Ina shiga na tarar da mutuminta Kawu Cor a kicin da singileti yana feren dankali, Kawu Cor da a takarda yake zaune wajen ƙanwarsa a wani gari shekara goma sha tara. Ta ce, "Kai yaro, buroshi a aljihun kwat ake yawo da shi. Uwarka ba ta koya maka komai ba?" Shi kuma ya ajiye wuƙa ya zaro nasa daga wani tsohon gwangwanin taba, ya nuna mini da alfahari kamar lambar yabon yaƙi. Na fito na bi lungun bayan gidajen ina kallo. Ta gaba kowace mace gwauruwa ce, ta baya kowane ɗan lambu yana da ƙofar da ba ta ƙara, domin ana zuba mata mai. Rabin mazan layin nan baƙi ne a gidajensu. Haka kike so mu tsufa, furen da nake shaƙa? Ni da furfura ina sanɗa tsakanin kwandunan shara?

Ba zan yi miki rashin adalci ba, kurciyata. Abin da kika faɗa a tashar bas ya fi duk abin da na karanta nauyi. Kika ce kin tashi kina ganin mamanki tana tsayawa a bayan kujerar babanki, tana jiran ya gama kallon ƙwallo kafin ta nemi kuɗin cefane, kuma kin rantse ba za ki tsaya a bayan kujerar kowa ba. Kika ce ofis yana wulaƙanta ki, amma bai taɓa wayar gari ya ce ya daina sonki ba. Kika tuna mini cewa ni kaina ba na sanin aikin sati mai zuwa sai ranar Lahadi saƙon dillalan aiki ya shigo waya, wani satin kwana shida, wani satin biyu, lokacin sanyi in tumatir ya ƙare, shiru. Duk gaskiya ne. Ina neman amsa bas ya zo.

Yanzu na samu, ko da ba mai kyau ba ce. Tabbas dai ba ni da shi, ban taɓa ganin wanda ya haye gada ya kawo shi unguwarmu ba. Amma kujerar nan da kike tsoro, ni zan tsaya a bayanta. Katin albashina ya kwana a jakarki, ni in riƙa zuwa ina sosa ƙeya ina neman na aski. Lokacin sanyi zan ɗauki kwali a rumbunan bakin tashar jiragen ruwa, ai dama an ce kaina na haka ne. Za mu ci dankali daga Litinin zuwa Lahadi, dafaffe yau, markaɗaɗɗe da ganye gobe, amma a zaune a kan tebur kamar mutane. Na je ofishin gari na tambaya. Safiyar Laraba ana ɗaura aure kyauta, minti goma, ba kiɗa ba jawabi, layin talakawa ya kai har watan Maris. Gini ɗaya ne da masu ƙirga buroshi, a ƙasa ana haɗa mutane kyauta, a sama ana hukunta su don sun haɗu. Na ce a sa sunanmu, matar ta ce sai amarya ta zo da kanta ta sa hannu, tana dubana kamar ni na ƙirƙiro ki.

Ranar Litinin da ƙarfe goma za ki zauna a hawa na saman nan. Za su sake tambayarki wane ne Remco, wannan karon kuma za ki sa hannu a ƙasan amsar. Idan kika maimaita maganar faci, ta zama gaskiyar hukuma, mu kuma mun zama mutanen ƙofar baya har mutuwa. Idan kika ce shi za ki aura, farkon wata zai tare a gidanki, su riƙe kuɗinsu, to kin saki abin da ke hannunki saboda mutumin da albashinsa ke bin lokacin tumatir. Na san girman abin da nake roƙo. Da ni ne ke, wataƙila da na kore ni.

Ko me kika zaɓa ba zan daina sonki ba, abin haushin ke nan. Zan so ki yadda ruwan sama ke son ƙasar nan, ba a kira shi ba, ba a gode masa ba, ana zaginsa ta taga, kullum kuma yana nan. Ba wata bayanki, ko mai gidan kanta ce, ko mai jirgin ruwa a ɗaure a ƙofar gida.

Amma kafin Litinin akwai Asabar, ranar haihuwarki. Za a jera kujeru a zagaye a falo, dangi da maƙwabta kowa da farantinsa a gwiwa, wataƙila har da mai rubuta takarda ba suna yana jiran rabonsa na kek. Zan shigo ta ƙofar gaba da ƙarfe uku. Za a bi zagayen ana miƙa hannu kamar yadda al'adar ƙasar nan take, kowa a yi masa barka da matsayinsa a wajen mai ranar: barka da ranar 'yarki, barka da ranar ƙanwarka, barka da ranar maƙwabciyarki. Za a iso kaina, mamanki ta riƙe hannuna ta ce barka da ranar, sai ta tsaya, domin ba ta san abin da aka yarda a faɗa ba. Ba zan taimake ta ba, kuma ba zan saki hannunta ba. Ke za ki ƙarasa mata maganar, Mariska, da muryar da kowace kujera za ta ji, kafin wuƙa ta taɓa kek: barka da ranar wa za a yi mini?

Naki, ko ofis ya yarda ko bai yarda ba,
Remco